Jar Motar da Aka Kai Bayan Fagam

A shekarun da kuɗin man fetur ya fara yawo a ƙasar nan, ni da yayana muna da gareji a Birnin Kudu, bakin titin da ya taso daga Kano ya nufi Maiduguri. Rumfar kwano ce, da rami guda na shiga ƙarƙashin mota, da wani tsohon injin walda da muka sayo a Kano. Yayana ne bakanike, ni kuma walda ce sana'ata. Yawancin aikinmu na manyan motoci ne masu ɗaukar gyaɗa da shanu, sai akori-kura da motocin ma'aikatar gona.

Wata rana a ƙarshen damina, dawa ta fara fitar da kai, da hantsi sai ga wata mota ta sauko daga titi a hankali kamar mai ciwon baya. Ja ce wur, gajeriya, cikinta ya kusa taɓa ƙasa, ga dogon hanci, kujerunta biyu kacal, rufinta kuwa na tamfol ne da ake naɗewa. Irin wadda Turawa ke fita shan iska da ita ce. Ba sabuwa ba ce, amma da gani an riƙe ta da gata. Lambarta ta Ikko ce. Duk sanda mai tuƙin ya taka mai ko ya ɗaga ƙafa, sai ka ji wani "gwaf" daga bayanta, kamar an buga guduma a tukunya.

Wanda ya fito daga ciki wani dogo ne siriri, fari, da ƙyar in ya kai shekara talatin. Rigarsa da wandonsa a goge suke, amma takalminsa ya sha ɗinki har ya gaji. Na dubi takalmin, na dubi motar, sai na ji ba su dace da juna ba.

Ya yi sallama cikin ladabi, Hausarsa ta wajenmu ce sak, sai dai ta ɗan sha ruwan kudu. Abin da ya fara roƙa shi ne a shigar da motar can ƙarshen rumfa, inda mai wucewa a titi ba zai hango ta ba. Ya ce rana ce ba ya so ta taɓa fentin.

Yayana ya ce, "Malam, buɗe mana gaban mu gani."

Baƙon ya shiga yana lalube ƙarƙashin sitiyari, ya ja wannan, ya ja wancan. Sai da yayana ya miƙa hannu ya gano marikin. Murfin injin ma ta wajen gilashi yake ɗagawa, shi kuwa ya je ya tsaya a hancin motar yana jira ya ɗaga ta can. Muka haɗa ido da yayana.

Na ce, "Motarka ce?"

Ya ce, "Tana hannuna."

Ban ƙara tambaya ba, na sauka rami da tocila. A tsakanin tayoyin baya akwai wata tukunyar ƙarfe da kanikawa ke ce wa difa, ita ke karɓar juyin inji ta raba wa tayoyin biyu. A manyan motocin da na saba da su, a jikin aksul take. A wannan motar kuwa rataye ta aka yi a jikin ƙashin motar da wasu kusoshi masu kauri guda huɗu, kowace da robarta. Mazaunin kusar gaba ta dama ya tsage ya rabu da ƙarfen da ke riƙe da shi, na hagu ma tsaga ta fara bi ta gefensa. Shi ya sa tukunyar ke ɗagawa tana dukan ƙasan motar.

Na fito na gaya masa. Na ce zan iya liƙe tsagar ya lallaɓa zuwa Kano a kan kwalta.

Ya ce, "Ba Kano za ni ba. Gwaram za ni, har in wuce Fagam. So nake ka ƙarfafa wurin yadda ko a kan dutse aka bi da ita ba zai sake karyewa ba."

Yayana ya yi wata 'yar dariya wadda ba ta kai ciki ba. Ya ce, "Wannan motar za ka kai Fagam? Kai ka san hanyar kuwa?"

"A can aka haife ni."

Yayana ya ja ni bayan rumfa. Ya ce shi bai yarda ba, motar nan ta sata ce, mu sallame shi ya yi gaba. A lokacin ana ta labarin wani mai fenti a Kano da aka kama saboda ya sauya wa motar sata launi, kuma ba wanda ya saurare shi da ya ce bai sani ba. Ni ma zuciyata ba ta kwanta ba. Amma na ce wa yayana in ɓarawo ne muka kore shi, wani garejin zai je, ba wanda zai san inda motar ta shiga. In kuma muka yi aikin, zan ce dole in bi shi in ji yadda waldar za ta yi a kan gargada, in ga inda zai sauka da idona. Gaskiya kuma hannuna yana ƙaiƙayin aikin, don ban taɓa taɓa irin motar ba. Yayana ya ce, "In aka zo kama mu, kai za ka yi gaba."

Da na gaya wa baƙon sharaɗina, sai kawai ya ce to. Na so ya yi gardama ko ya yi murna, in samu abin kamawa. Bai yi ko ɗaya ba.

Tankin mai yana daf da inda zan kunna wuta, don haka sai da muka zuƙe man muka fitar da shi. Wajen kwashe kayan but, wato ma'ajiyar kaya ta bayan motar, na ci karo da wani dogon abu naɗe cikin bargo, mai nauyi, yana ƙarar ƙarfe. Ban kawo komai a raina ba sai bindiga. Baƙon ya tafi alwala, sai na ɗaga bakin bargon. Wasu sanduna ne sirara masu kan ƙarfe a lanƙwashe, cikin jakar fata. Da ya dawo na nuna masa na ce mene ne wannan. Ya ce na wasa ne, manyan mutane ke buga wata 'yar ƙwallo da su a fili. Na ce shi yana bugawa? Ya ce a'a, ya karɓi bargon ya mayar da naɗin da kyau.

Muka sauke farfela da ƙafafun baya, muka sa jak muka sauko da tukunyar. Na goge wurin da burushin waya har farin ƙarfe ya fito. Cikin tsagar baƙi ne, ya yi tsatsa, alamar ta daɗe tana ci a hankali kafin hanya ta ƙarasa ta. Na huda 'yan ramuka a ƙarshen kowace tsaga don kada ta ci gaba, na fafe ta, na cike da walda. Sai na yanko faranti daga ƙashin wata tsohuwar babbar mota da ke kwance a bayanmu, na auna da kwali, na yanka shi gunduwa-gunduwa na kewaye kowane mazauni ta gefe da ta ƙasa, ya zama kamar ƙaramin akwati. Mazaunan kusoshin baya ba su tsage ba, amma su ma na yi musu haka. Ƙarfen motar siriri ne, in ka daɗe da wuta a wuri ɗaya sai ya ɓule ko ya karkace, don haka kaɗan-kaɗan nake yi, in bari ya huce, yayana yana gwada tukunyar a kai a kai don kada kusoshin su kauce wa ramukansu. Robobin sun mutu, ba kuma inda za a samu irinsu a kusa, sai yayana ya sassaƙo wasu daga tayar babbar mota.

Aikin ya kai mu har washegari. Mun yi wa baƙon tayin ɗaki a gidanmu, ya ƙi, ya ce zai shimfiɗa tabarma a gefen motar. Abu biyu na lura da su a zamansa. Na farko rediyon yayana. A lokacin sojoji sun sauya gwamnati, ana ta korar manyan ma'aikata, kusan kullum sai an karanto sunaye a labarai. Da an fara labarai sai ya bar duk abin da yake yi ya matso, ya sunkuyar da kai kamar mai sauraron huɗuba. Na biyu kuwa, akwai wani ɗan sanda da ya saba kawo mana kekensa mu ɗaure masa noti. Da ya kunno kai, sai baƙon ya ɗauki buta ya zagaya, bai dawo ba sai da keken ya yi nisa. Ɗan sandan ya leƙa tamfol ɗin da muka rufa wa motar ya ce, "Kai, ta wa ce wannan?" Yayana ya ce ta wani baƙo ce daga kudu, ya kawar da zancen. Bayan ya tafi yayana ya harare ni ya ce, "Ka ga har ka sa na fara rufa wa wani asiri ban san ko na waye ba."

Ni da baƙon muka kama hanyar Gwaram da safe. Na sa sifana babba a aljihun rigata, na ce ta aiki ce. Hanyar ta sha ruwan damina, gargada a nan, zaizaya a can. Da farko kunnena yana baya, ina jiran in ji "gwaf" ɗin nan. Shiru. Da hankalina ya kwanta da waldar sai ya koma kan mutumin. Wanda bai san inda ake buɗe gaban motar ba, ga shi yana tuƙi kamar ruwa, yana bin bakin rami da taya ɗaya, yana sauya giya ba ka ji. Wannan hannun ba na mai kuɗi ba ne da ya koyi mota don sha'awa. Hannun wanda tuƙi ne abincinsa ne. Na ce masa, "Ka daɗe kana tuƙi?" Ya ce ya ɗan jima. Ya ƙara da cewa gero ya yi kyau bana.

A Gwaram ranar kasuwa ce. Na ce mu tsaya mu sha fura, ya ce a gaba, ya ratse ta bayan gari. Duk da haka mutane suka yi ta fitowa daga gonaki suna kallonmu. Na riƙa lissafa a raina: in ya tsaya a daji ya ce in sauka, me zan yi?

Bayan Fagam kaɗan, a wani rafi da ya janye ya bar yashi, motar ta zauna a kan cikinta. Wasu manoma da ke yankan gero suka zo taimako. Suna cikin turawa sai wani dattijo a cikinsu ya saki motar, ya leƙo ya ƙura wa direban ido, ya kira shi da wani suna irin na yarinta. Ya ce, "Kai ne? Ashe kana raye! Tsohonka ya gaji da tambayar masu zuwa kudu." Baƙon ya fito ya durƙusa ya gaishe shi. Nan rabin zargina ya sauka, don ɓarawo ba ya kai kayan sata inda aka san kakansa. Sauran rabin kuwa ya ƙara nauyi, don na ga dattijon yana kallon motar da irin idon da na kalle ta da shi.

Gidansu na makiyaya ne da suka daɗe da zama wuri ɗaya, ga rumbuna, ga garke a gefe, ga gonar dawa ta kewaye su. Mata suka fito suna salati, mahaifiyarsa ta riƙe hannunsa tana kuka. Mahaifinsa kuwa, wani tsoho mai farin gemu, yana zaune a kan buzu a gindin tsamiya, bai tashi ba. Sai da aka gama gaisuwa, aka kawo mana nono, sannan ya nuna motar da haɓa.

"Wannan fa?"

"Ajiya ce, Baba."

"Ajiyar wa?"

Ɗan ya dube ni, alamar yana so in ba su wuri. Tsohon ya ce, "Bar shi ya zauna. Ai tare kuka zo da ita."

A nan ne na ji labarin. Direba ne a gidan wani babban ma'aikacin gwamnati a Ikko, motar ofis yake ja. An karanto sunan maigidan nasa a cikin waɗanda aka kora, aka kuma ce za a zo a bincika gidajensa da motocinsa. Shi ne ya ba shi makullin wannan, ya ce ya kai ta inda ba wanda zai nema, sai ƙura ta lafa. Maigidan ya rantse masa cewa da guminsa ya saye ta a hannun wani Bature, tun kafin a fara wannan facaka.

Tsohon ya ce, "Kana nan aka saya?"

"A'a, Baba. Tarar da ita na yi."

"To in da guminsa ya saya, me ya hana shi nuna musu?"

Tsohon ya juyo gare ni ya ce, "Malam, kai da ka shiga ƙarƙashinta, me ka gani? Halal ce?"

Na ce, "Baba, tsatsa na gani da tsaga. Ƙarfen bai nuna mini da kuɗin wa aka saye shi ba."

Ya ci gaba da jan carbinsa. Daga baya ya ce amana ce an riga an ɗauko, ba zai ce a jefar ba, amma ba za ta kwana a cikin gidansa ba. Aka tura ta can bayan rumbuna, aka kafa mata rumfar zana, aka ɗora karan dawa a sama. Na ce su ɗora ta a kan duwatsu don tayoyin su huta, su cire batir. Wani ƙanen direban ya kai ni Gwaram a keke, na hau motar kasuwa na dawo gida.

Da na ba yayana labari bai ji sanyi ba. Ya ce, "Wato ba ɓarawon titi ba ne, ɓarawon ofis muka yi wa aiki." Na ce ba mu sani ba. Ya ce shi ya sani. Watanni muka yi, duk motar 'yan sanda da ta rage gudu a gabanmu sai mu bar aiki mu bi ta da kallo. Ba wanda ya taɓa zuwa.

Sai da wata damina ta zo ta wuce sannan muka sake ganin jar motar. Direban ne ya shigo da ita, fentin ya dushe, ɓeraye sun ci kujera ɗaya. A gefensa wani Alhaji ne gajere, babbar rigarsa ta yi masa yawa kamar ta aro, da ganinsa ka san da can yana da jiki. Shi ne maigidan. Ya ce an wanke shi, ya zo ɗaukar kayansa, amma kafin ya kama hanya yana so ya ga aikin da aka ce an yi.

Na zaci leƙawa zai yi. Sai ya naɗe hannun riga ya karɓi tocila ya sauka ramin da kansa. Ya daɗe a ciki. Da ya fito, ga baƙin mai a kafaɗarsa, fuskarsa a murtuke.

Ya ce, "Wa ya ce a yi mata wannan facin?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, mazaunin ne ya tsage, in ba a yi ba tukunyar za ta faɗo a hanya."

"Lafiya lau na ba da ita. Hatsari aka yi da ita aka ɓoye mini, ko kuwa tukunyar tawa aka cire aka sa wata?"

Na yi masa bayanin tsatsar da na gani a cikin tsagar, na ce ta girmi tafiyar. Yayana ya ce ya duba kan notunan tukunyar, ba a taɓa buɗe cikinta ba. Ya saurare mu har ƙarshe, sannan ya dubi direban ya dube mu, ya ce, "Ai dole bakinku ya zo ɗaya." Ya shiga motar ya ja ta zuwa wajen duwatsun bayan gari ya dawo. Ba ƙara ko ɗaya, amma ya ce shi dai jin ta yake ba kamar da ba. Ya buɗe but ya warware bargon nan ya duba sandunansa ɗaya bayan ɗaya.

Duk wannan direban yana tsaye, hannuwansa a baya. Sai da Alhajin ya ce masa, "Shiga mu tafi, ma yi maganar a Kano," sannan ya buɗe baki. Ya ce, "Alhaji, ga makulli, ga mota. Na kawo ta, na tsare ta, na mayar. Ni a nan zan tsaya." Alhajin ya karɓi makullin. Ya tada motar ya hau titi ya nufi yamma, ba mu sake jin ɗuriyarsa ba.

Direban ya samu babbar mota yana ja tsakanin Gwaram da Birnin Kudu, ya zama mai kawo mana aiki, har muka saba. Ya yi aure a garinsu, tsohonsa ya rasu yana kusa da shi. Bayan shekaru, wata rana muna cin rogo a rumfa muna jiran ƙarfe ya huce, na tambaye shi ko a ganinsa maigidan nan nasa mai gaskiya ne. Ya daɗe yana ɓare rogon. Ya ce, "Wallahi ban sani ba. Abin da na sani, duk zamana a gidansa wanke ta kawai nake yi. Bai taɓa bari na zauna a cikinta ba sai ranar da tsoro ya kama shi."

Yayana yana ƙarƙashin wata akori-kura yana jinmu. Ya turo kai ya ce, "Ku kuna ta maganar ko da guminsa ya saya. Ni wa ya tabbatar mini ma tasa ce? Wa ya ga takarda? Wataƙila shi ma wani ne ya ba shi ajiya." Direban ya yi dariya ya ce wannan kuma bai taɓa kawo shi a ransa ba. Amma na ga dariyar ta tsaya masa a rabi, ya ajiye rogon bai ƙarasa ci ba.